Yaƙi Mai Sanyi a Watan Zafi

Ƙarfe biyu na rana a Kusuri,
kwanon rufin ajinmu na ƙara kamar ana toya shi.
Mu tamanin da uku ne, benci ɗaya mutum huɗu.
Mushe Jonwe ya juya baya, ya rubuta da alli:
yaƙi mai sanyi.
Abakaka ya ɗaga hannu daga can ƙurya:
"Mushe, a aiko mana da shi, ko na awa guda."
Aka tuntsire. Aka kore shi waje, inda ya fi iska.

Taswirarmu ta tsufa, gara ta ci rabin Kanada.
Gabas ja, yamma shuɗi,
mu kuwa a tsakiya, launin ƙasa,
launin da ake shafa wa wurin da ba a tambaya ba.
Na haddace komai kamar karatun allo:
birni ɗaya da aka raba da katanga,
jiragen da suka yi jigilar gari da gawayi ta sama,
kwana goma sha uku da duniya ta riƙe numfashi
saboda wani tsibiri mai rake.
Ƙato biyu, kowa da ashana a hannu,
suna zaune cikin rumbu guda
suna harara, ba wanda ya ƙyasta.

Da dare aka ɗauke wuta.
Na jingina littafina a kan keken ɗinkin nan
da ba mai taɓa shi a gidanmu,
ina bita da fitilar waya.
Iya Tabawa tana ɓare gyaɗa, ta ce,
"Me kike ta gunaguni?"
Na ce, rediyo na kiransa cacar baka,
yaƙin da manya suka yi ba su harbi juna ba.

Ta daina ɓara.

"Ba su harbi juna ba," ta ce. "To.
Shekarar da na yaye ubanki,
Njamena ta kama, muna kallo daga wannan gaɓa.
Gobara daga kogi, 'yar nan.
Kwale-kwale na zuwa har ruwa na lasar bakinsa,
wani da katifa, wani da akuya, wani da uwarsa a baya.
Wata Ashta ta sauka da wannan keke a ka,
ba ɗankwali, takalmi ƙafa ɗaya.
Wata bakwai tana kwana inda kike zaune.
Ta ce in ajiye mata, za ta leƙa ta dawo.
Ina sa masa mai duk Sallah."

Na ce, Iya, wannan ai faɗan 'yan gida ne,
ba ya cikin babin.
Ta ce, "Na ji. Ni dai na san maƙeran garin nan,
lauje suke yi da fartanya.
Abin da ya huda bangon Alhaji Gwani
da rubutu a jikinsa, ba ajami ba."

Ranar jarrabawa aka ce: gabatarwa, kashi biyu, kammalawa.
Na jera shekaru, na jera yarjejeniyoyi,
na rushe katangar a daidai shekararta.
Da ya rage minti goma, hannuna ya ƙi ji,
na ƙara layi uku a kan wata mata da kekenta.

Sha ɗaya bisa ashirin.
A gefe, da jan biro: "Kin fita daga batu."
A ƙasa, da fensir, ƙanana ƙanana,
kamar mai tsoron kada allo ya ji:
"Tawa uwar tukunya ta ɗauko."

Na biyo ta bakin ruwa da yamma.
Babura na tsallaka gadar Ngeli da sukari da sabulu,
fitilun can ƙetare sun fara kamawa ɗaya ɗaya.
A gida Iya ta ɗage zanen da ke kan keken,
tana ɗiga masa mai.
Ba Sallah ba ce.